Tausar tafin ƙafa: magani ce ko hutu ce kawai?

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku dubi hoton nan da na turo, na tafin ƙafa da aka rarraba gida-gida da launi. Wai yatsu su ne kai, gindin yatsu ido da kunne, tudun da ke bayansu huhu da zuciya, tsakiyar ƙafa hanta da ciki da ƙoda, dunduniya kuma mara da ƙugu. Wani yaro da ya dawo daga bida ya kama shago a nan Tawa yana tausa da wannan taswira, jaka biyu zama guda. Mata sai tururuwa suke. An ce yana sauke hawan jini, yana rage suga, har masu neman haihuwa na zuwa. Ni ma dunduniyata ta hana ni sakat. Masu sani ku gaya mini gaskiya kafin in kai kuɗina.

Ibro Direba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai an yi mini a Yamai. Wanda ya ɗauko kar daga Tawa, ya bi Ƙonni, Dutsi, Doso, sama da kilomita 500 ƙafa na kan totur da birki, shi ya san abin da ake kira gajiyar ƙafa. Wani yaro a can ya murza mini kamar rabin awa, na koma masauki na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Ki je Hajiya, ba za ki yi da-na-sani ba.

Mamman Mai Takalma:
Ibro ya faɗi gaskiya. Wannan ilimi ne na dubban shekaru, daga Sin da Masar ya fito. Ni ina sayar da takalman nan masu ƙuraje a ciki, waɗanda ke danna wuraren yayin da kake tafiya. Har injin wanke dattin jiki na gani a Yamai: ka sa ƙafa cikin ruwa garai-garai, kafin minti talatin ya koma ja da baƙi. Da idona na gani, ba labari ba.

Malam Sani, lakkol:
Mamman, bari mu raba abu biyu. Tausa tsohuwar aba ce a ko'ina, babu mai ja. A Masar akwai wani kabari a Saƙƙara, na wani babban bafade mai suna Ankamaho, ya haura shekara 4000, a bangonsa an zana mutane ana riƙe musu hannu da ƙafa. Shi ne hoton da masu wannan sana'a ke yawan nunawa. Amma babu taswirar hanta da ƙoda a jikin bangon nan, masana ma ba su daidaita a kan ko tausa ce ake yi ko gyaran farce ba.
Taswirar da Hajiya ta turo ƴar bana-bakwai ce, kuma daga Amurka ta fito. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro, William Fitzgerald, shi ya fara maganar a 1913. Ya ce jiki ya kasu layi goma daga kai zuwa yatsu, in ka danna wani wuri a layi za ka kashe zafi a wani wuri na layin. Daga baya wata mata, Eunice Ingham, ta tattara abin duka ta mai da shi kan tafin ƙafa, ta fitar da littafinta a 1938. Duk hotunan da ke yawo a salula jikokin zanenta ne. Ku jera uku daga ciki ku duba da kyau, za ku ga wurin da wani ya ajiye zuciya ba nan wani ya ajiye ta ba.

Mamman Mai Takalma:
To Malam, don Ba'amurke ya zana sai ya zama ƙarya? Ai ƙwayoyin farmasi ma su suka yi.

Malam Sani, lakkol:
A'a ƙanena, ban ce haka ba. Cewa na yi a daina jingina shi ga Fir'auna don a ƙara masa kwarjini. Gaskiyarsa ko rashinta, sai masu aikin likita su yi magana. Majo, kana kusa?

Majo Isufu:
Ina nan Malam, yanzu na sauka daga aiki. Barkanmu da dare.
Ƙafa guda tana da ƙashi 26 da gaɓa 33, ga jijiyoyi masu yawa, shi ya sa taɓa ta ke da daɗi kuma ƙaya ƙarama ke hana mutum tafiya. Jijiyoyin ji na tafin ƙafa suna hawa ta bayan ƙafa da cinya, su shiga laka a ƙasan gadon baya, daga nan saƙo ya wuce ƙwaƙwalwa. Wannan ita ce hanyarsu. Masu fiɗar jiki sun bi su ɗaya bayan ɗaya, ba a sami wata da ta tashi daga tsakiyar ƙafar dama ta sauka a hanta ba, ko wadda ta haɗa gindin yatsa da ido.
Abin da Ibro ya ji kuwa gaskiya ne. Mutum ya kwanta, an ɗaga masa ƙafa, hannu mai ɗumi na murza naman da ya wuni a ɗaure, numfashi ya lafa, zuciya ta rage gudu, barci ya zo. In ka auna tansiyo, wato awon hawan jini, a lokacin kana iya ganin ta ɗan sauka, yadda take sauka ga duk wanda ya kwanta ya huta. Washegari ta koma inda take, don abin da ke hawar da ita yana nan: gishiri, ƙiba, gado, ƙoda, shekaru.

Ibro Direba:
To ai Majo ka yarda da ni ke nan.

Majo Isufu:
Na yarda da barcinka, Ibro. Abin da ke tayar mini da hankali daban ne. An kawo mana wani dattijo daga wani ƙauye ta wajen Keita, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Ɗansa ya zazzage jakar magani a gabana, katan ɗin ƙwayar tansiyo ko ɓallewa ba a yi ba. Na tambaye shi dalili, ya ce wani mai tausa ya ce wa tsohon an buɗe masa hanyar jini, ƙwaya kuma tana lalata ƙoda, ya bari. Tsohon nan bai ji komai ba har ranar da ya faɗi a bakin masallaci, don hawan jini ba ya sallama. Tausa ba ta yi masa illa ba. Maganar da aka haɗa da tausar ita ta kwantar da shi.

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya ba shi lafiya. Wallahi akwai maƙwabciyata da ke shirin yin haka, ta ce ta gaji da haɗiyar ƙwaya kullum.

Majo Isufu:
Ki yi mata magana tun da daren nan, Hajiya. Ta je a yi mata tausa in tana so, amma ƙwaya ta ci gaba. In ƙwayar na damunta, ta dawo wurin wanda ya rubuta mata, akwai iri-iri, ana canzawa.

Abdu, jami'a:
Baba Majo, bari in ƙara da abin da masu bincike suka samu, don kar a ce ra'ayinmu ne kawai. An yi wani farfesa a jami'ar Exeter ta Ingila, Edzard Ernst, wanda aikinsa a lokacin shi ne auna magungunan da ba na asibiti ba. A 2009 ya tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi a kan wannan tausa, ya ce babu gamsasshiyar hujja cewa tana warkar da wata cuta. Gwamnatin Ostareliya ma ta sa an duba irin waɗannan hanyoyi guda 17 a 2015, har da ita, ba a sami tabbacin amfaninta ba, kuma daga Afrilun 2019 aka cire ta daga abin da inshorar lafiya ke biya.
Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne gwajin da aka yi a Ingila a 2000. Masu tausar na cewa suna gane cuta ta wurin da ya yi zafi ko ya yi tsakuwa-tsakuwa a ƙafa. Sai aka kawo musu marasa lafiya da likitoci suka riga suka san ciwonsu, aka hana su hira da su, aka ce ku laluba ku faɗa. Ba su gano ba, kuma su kansu ba su yi daidai da juna ba.

Mamman Mai Takalma:
Abdu, kai yaro ne. Turawan nan ba sa son maganin da ba zai kawo musu kuɗi ba. Ruwan da ya yi baƙi fa? Shi ma farfesa ne ya zuba masa toka?

Abdu, jami'a:
Yaya Mamman, ruwan nan da sauƙin ganewa. A cikin kwanon akwai ƙarfe da ake jona wa lantarki, kuma suna barbaɗa gishiri. Lantarki da gishiri su ci ƙarfen, tsatsa ta fito, ruwa ya yi ja. Ka ce wa mai injin ya kunna shi ba tare da an sa ƙafar kowa ba, ka zauna ka jira. Launin zai fito haka nan. Dattin jini ƙoda da hanta ke tace shi, ya fita ta fitsari da bayan gida.

Mamman Mai Takalma:
Zan gwada in na je. In bai yi ba zan dawo nan in faɗa gaban kowa.

Alhaji Nomau:
Ku saurara ƴaƴana. Ni abin da ke ba ni mamaki, tausa ce yau aka mai da abin shago. Mu da muka tashi, in tsohonmu ya dawo daga gona a kwanta mishi tabarma, mu yara mu hau bayanshi muna takawa, wani ya riƙe ƙahwa yana ja mishi yatsu suna ƙara. Tsohuwarmu da hunturu sai ta jiƙa ƙahwa, ta goge kaushi da dutsi, a cika faso da man kaɗe. Ba mu san wurin hanta ba, amma tsoho na sa muna albarka har barci ya kwashe shi. Yanzu jikoki na riƙe da salula, kaka na biyan jaka biyu ga baƙo ya taɓa mata ƙahwa. Wanga shi ne ciwon da ban ga taswiratai ba.

Salamatu, Yamai:
Baba Alhaji, maganarka ta taɓa ni. Bari in ba ku labarin mahaifinmu, yana tare da ni a Bukoki, mai ciwon suga ne. Kullum bayan isha'i nakan shafa masa man kaɗe don ƙafar na bushewa. Wani dare ina murzawa sai na ji wuri ya yi tauri a ƙarƙashin ƙaramin yatsa, kuma ya fi sauran ƙafar zafi. Na haska fitilar salula. Ƙaya ce ta karye a ciki, gefen ya yi ja ya kumbura, da na ɗan danna sai ruwa ya fito. Na ce Baba ba ka ji ba? Ya ce me? Yana kallona yana murmushi, ko gezau. Da safe muka tafi likita, aka cire, aka wanke, aka ba shi magani. Likitan ya ce da an ƙara sati guda, da maganar yanke yatsa ake yi. Ni dai tun ranar ban sake shafa masa mai cikin duhu ba.

Majo Isufu:
Allah Ya yi miki albarka, Salamatu. Jama'a, a nan nake so mu daɗe, don a nan ƙafa ke salwanta.
Suga in ya jima a jiki yana cin jijiyoyin ji, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa. Da fari mutum zai ce ƙafarsa na zafi da dare, ko tana yi masa yam-yam, daga baya ta daina jin komai. Yana kuma ƙuntata hanyoyin jini, sai ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Mai irin wannan ƙafa in aka danna masa da sanda ko da gaɓar yatsa yadda masu taswirar ke yi, ba zai ce wayyo ba, sai dai a ga wurin ya tashi bayan kwana biyu. A asibiti muna da wani ɗan zare na roba da muke dangwala wa tafin ƙafa da shi, mu ce mutum ya rufe ido ya faɗi inda ya ji. Wanda bai ji ba, ƙafarsa na cikin haɗari.
Mai suga kar ya yi tafiya ba takalmi, ko tsakar gida ne. Kun san yadda yashin Tawa da dandamalin masallaci ke yi a watan Afrilu, ƙafa na ƙonewa mai ita bai sani ba. Kar ya tsoma ƙafa a ruwan zafi sai wani ya taɓa ruwan. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Bayan alwala ya tsane tsakanin yatsu. A shafa mai sama da ƙasa, amma ban da tsakanin yatsu, wurin na son bushewa. Kar a yanke kaushi da reza. Kuma kowace rana wani mai ido ya duba masa.
Mamman, takalmanka masu ƙuraje, don Allah kar ka sayar wa mai suga.

Mamman Mai Takalma:
Ai su suka fi saye, Majo. Su ne ke cewa ƙafarsu ta mutu, suna neman abin da zai tashe ta.

Majo Isufu:
Su ne kuma zai fi cutarwa. Ka tambayi duk mai saye. In ya ce yana da suga, nuna masa takalmi mai laushi, mai faɗi, wanda ya rufe yatsu. Cinikinka bai ragu ba, ka kuma sami lada.

Hadiza Ungozoma:
Sannunku da hira. Ni ta mata zan yi. Mai ciki ƙafa na kumbura mata da yamma, ta ɗora a kan matashi, mijinta ko ƙanwarta su shafa mata a hankali daga yatsu zuwa sama, babu laifi, tana jin daɗi. Amma in kumburin ya hau fuska da hannu, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai, ido na ganin wuta-wuta, wannan ba na tausa ba ne. A kai ta awo a ranar. In tansiyo ta kai 14 bisa 9 muna fargabar jijjiga, ita ce ke ɗauke uwa da ɗa.
Sai mai jego. In ƙafa guda ce kawai ta kumbura, sha-raɓa ya yi tauri yana zafi, kar kowa ya murza, ko ke ce uwarta. Yana yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, in gudan ya ɓalle huhu yake nufa. Wanda aka yi wa aiki da wanda ya daɗe kwance su ma haka.
Maganar haihuwa kuwa, Hajiya, raina ne ke ɓaci. Yarinya ta kwashe shekaru ana danna mata idon sawu, alhali wata ƙila ciwon sanyi ne da za a yi wa magani, wata ƙila ma matsalar daga mijin take. Shekarunta na tafiya, kuɗinta na tafiya, gori kuma ita kaɗai ke sha.

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Gaskiya ce Hadiza. To ni da dunduniyata fa? Ba ni da suga, an auna ni da azumin bana.

Zalika, Yamai:
Inna Hajiya, ni aikina ke nan a asibiti, motsa gaɓoɓi da tausa. Yaushe ya fi yi miki zafi?

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Da asuba ɗiyata. Takun farko in na sauko daga gado sai na dafa bango. In na ɗan zagaya sai ya lafa, in na daɗe zaune na miƙe ya dawo.

Zalika, Yamai:
Alamar da kika faɗa ta fi kama da ciwon wata jijiya mai faɗi da ta shimfiɗu daga dunduniya zuwa gindin yatsu. Masu tsayuwa a kan siminti da silifa marar tudu su ta fi kamawa. A taswirar can za a ce miki mararki ce, alhali ciwon na nan inda kike jin sa.
Kafin ki sauko da asuba, ki zauna bakin gado, ki ɗora ƙafar kan gwiwa, ki kama yatsun ki ja su baya wajen ƙwauri har ki ji tafin ya miƙe, ki ƙirga goma ki saki, ki maimaita sau goma. A shago ki sa butalin ruwa a firigo ya daskare, ki ajiye ƙasa ki riƙa mirgina shi da tafin ƙafa minti biyar zuwa goma. Da yamma ki dafa bango, ƙafa mai ciwon a baya, dunduniya a ƙasa, ki turo jiki gaba har sha-raɓa ya ja. Ki nemi takalmi mai taushi da ɗan tudu, ki ajiye kujera kusa da kanta. Yana ɗaukar watanni, sai an yi haƙuri. In bai sassauta ba, ko ya kumbura, ko yana hana barci, ki je a duba.
Tausar dare kuma kowa zai iya yi miki. A ɗumama mai a tafin hannu, a riƙe ƙafar da hannu biyu, manyan yatsu su bi tafin daga dunduniya zuwa sama, a juya idon sawu, a ja yatsu ɗaya-ɗaya. In kin yamutsa fuska, an danna da yawa. Masu cewa sai ya yi zafi yake aiki ba gaskiya suka faɗa ba.

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Na gode ɗiyata, Allah Ya ba da lada. Butali yanzu zan sa a firigo.

Ibro Direba:
Amma kar mu kashe wa yaron nan kasuwa, jama'a. Ya dawo gida yana neman halak ɗinsa maimakon ya koma hamada. Hannunsa na da daɗi, an ce.

Zalika, Yamai:
Ba mai son kashe masa kasuwa, Yaya Ibro. A asibitocin Turai ma akan yi wa masu ciwon daji tausar ƙafa, don su sami natsuwa da barci, tare da maganinsu, kuma ba a ce musu ita za ta warkar da su. Ya rubuta a ƙofarsa cewa yana tausar gajiya. Ya tambayi kowa ko yana da suga, ko ciki, ko rauni a ƙafa. Ya wanke hannu tsakanin mutum da mutum. Kar ya ce wa kowa ƙodarka ta lalace, kar ya taɓa maganar ƙwayar kowa. Direbobi da ƴan kasuwa da masu dako sun ishe shi ciniki.

Mamman Mai Takalma:
Ni har yanzu ina ganin akwai wani sirri a ƙafar nan da ba ku gano ba. Amma na ji maganar masu suga, wannan na ɗauka.

Malam Sani, lakkol:
Wa ya san yaron? Gara a same shi cikin mutunci da a yi ta maganarsa a bayan ido.

Alhaji Nomau:
Na san ubanshi, unguwarmu guda. Majo, in kana da sarari ran Lahadi bayan an watse kasuwa, ka biyo ta gida mu tahi tare.

Majo Isufu:
Ina da sarari bayan la'asar, Baba Alhaji. Zan zo da abin awon tansiyo da zaren nan in nuna masa yadda ake gane ƙafar da bai kamata ya danna ba.

Ibro Direba:
Majo, kafin ka kwanta. Fasinjojina da dama ƙafarsu na kumbura kafin mu kai Yamai, musamman tsofaffi. Me zan riƙa gaya musu?

Majo Isufu:
Su riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa suna zaune, su sha ruwa, kar su ƙi sha don tsoron fitsari. In ka tsaya Ƙonni ko Dutsi kowa ya sauka ya taka, har wanda ya ce ba ya jin sauka. Kumburin ƙafa biyu da ya sace bayan an kwana ba abin damuwa ba ne. In ƙafa guda ce tana zafi, ko mutum ya fara haki da ciwon ƙirji, ka wuce da shi asibiti kai tsaye, kar ka bari yaran mota su murza masa.

Ibro Direba:
To madalla. Gobe da asuba nake da lodi, zan gaya musu tun a tasha. Sai da safenku.